ALHAJI ABUBAKAR IMAM: MALAMIN DA YA RENI AL'UMMA DA LABARI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya hore wa ɗan Adam harshe da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne rayuwar mutumin da ya ɗauki ba da labari sana'a, kuma ya mai da shi hanyar karantarwa. Na san a cikinmu ba a rasa mai cewa a ransa, ina ruwan wannan zama da labari, alhali tatsuniya aikin tsofaffi ne da yara bayan an ci tuwon dare? Ni ma da haka na ɗauka, har zuwa shekarar da na fara koyarwa a wata makarantar Islamiyya. Nakan shirya darasi tsaf, in tattaro hujjoji, in shiga aji in yi ta bayani, amma kafin rabin sa'a sai in ga wasu na gyangyaɗi, wasu na leƙen taga. Ranar da na soma da ƙissar wani sahabi kuwa, ko tari ba a yi, kuma bayan wata guda sai in tarar abin da na saka cikin ƙissar nan shi kaɗai ya zauna a kansu. Tun daga nan na gane akwai wani fanni da ban karanta ba, na shiga neman waɗanda suka ƙware a kansa. A ƙasar Hausa kuwa, in ana maganar wanda ya haɗa malanta da iya labari a zamanin boko, babu sunan da ke riga na Alhaji Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa.

DAGA ZAURE ZUWA AJI

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda ke cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a gidan da ake karatun allo da na littattafai. Wannan asali yana da muhimmanci ƙwarai, domin kafin ya san harafin boko ya riga ya san Alƙur'ani da Larabci, kuma kunnensa ya riga ya saba da yadda malamin zaure ke ɗauko jimlar Larabci ya warware ta da Hausa mai daɗi.

Daga baya aka kai shi Katsina ya yi karatun boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ku lura da wannan, ya ku 'yan'uwa: aikinsa na farko a duniya shi ne tsayawa gaban yara da alli. A nan ya san abin da ke sa yaro dariya, da abin da ke gundurarsa, da tsawon maganar da zai iya ɗauka kafin hankalinsa ya tafi wani wuri. Duk abin da ya rubuta daga baya, wannan sanin na cikinsa.

GASAR 1933 DA RUWAN BAGAJA

A wancan lokaci Turawan mulkin mallaka sun buɗe makarantun boko, amma yaron da ya iya karatu ba shi da abin karantawa da harshensa sai 'yan littattafan da aka fassara. Saboda haka Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta R.M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Littattafai 5 suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Imam yana da shekara 22 a lokacin.

Duk ɗalibin da ya karanta Muƙamatul Hariri a zaure, in ya buɗe Ruwan Bagaja zai ji ƙanshin da ya sani. Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya gina muƙamominsa 50 a kan mutum biyu, Harisu ɗan Hammamu da Abu Zaidis Saruji, waɗanda ke ta haɗuwa gari bayan gari, kowane karo da sabuwar dabara. Haka Alhaji Imam na cikin labarin da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke, duk garin da ɗaya ya sauka sai ya tarar da ɗayan, su yi ta shirya wa juna makirci. Ashe ke nan ƙagaggen labarin Hausa, tun ran da aka haife shi, nonon Larabci ya fara sha. Wannan abu ne da ya kamata mu masu karatun Larabci mu sani, domin mukan ɗauka wannan fage na 'yan boko ne kaɗai.

MAGANA JARI CE

Ganin basirarsa ya sa a 1936 aka ɗauko shi aro daga Katsina zuwa Zariya. Aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam dabam, na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya zauna wata 6 yana karantawa yana rubutu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi 3, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai kimanin 80.

Bari in tuna muku yadda ya ɗaure littafi na farko, domin a nan hikimar take. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Mugun Waziri ya haɗa baki da abokan gaba domin a yaudari yaron ya fita daga fada a hallaka shi. Kowane dare Musa sai ya yi ɗamara zai fita, ya zo sallama da wani aku da ke gidan, akun kuwa sai ya ɗauko labari, kafin ya ƙare gari ya waye, tafiya ta fasu. Da haka ya riƙe shi har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka ba aku wazirci. Bayin da aka sa gadi suna da ƙarfi da makamai, amma abin da ya tsare saurayin nan daga halaka magana ce mai daɗi da aka faɗa masa a kan kari. Duk uban da ke da saurayi a gida, da duk malamin da ke da matasa a gabansa, ya dubi wannan misali da kyau. A littafi na biyu akun ya yi gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana da zaman duniya. Wato shi kansa ba da labarin, a wurin Imam, abu ne da ake zama a koya, kamar ƙira ko saƙa.

Akwai masu cewa ai kwafowa ya yi. Gaskiya ne tushen yawancin labaran ba nasa ba ne, kuma manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi sawunsu. Labarin Kamaruzzaman daga Alfu Laila wa Laila yake. Labarin Kalala da Kalalatu daga tatsuniyoyin Jamus yake. Shi kansa akun da ke hana fita da dare, asalinsa wani tsohon littafin Indiya ne da aka juya zuwa Farisanci. To amma wannan hanya tsohuwa ce a adabi. Abdullahi ɗan Muƙaffa'i, a ƙarni na 2 bayan Hijira, daga Farisanci ya ɗauko Kalila wa Dimna, su ma Farisawa daga Indiya suka samo shi, amma har yau ana koyon tsantsar Larabci da shi. Aikin da Imam ya yi shi ne ya tuɓe wa labari rigarsa ta asali ya sa masa ta Hausa. Ya ba mutanen ciki sunayenmu, ya zaunar da su a fada da kasuwa da zaure, ya sa musu karin maganarmu a baki, da yawa daga labaran ma karin magana ne kansu. Har ya zama tsoho a ƙauye in aka karanta masa sai ya rantse a garinsu aka yi abin. Wanda ke ganin wannan aiki ne mai sauƙi, ya ɗauki shafi guda na Larabci ya gwada.

DAGA AJI ZUWA JARIDA

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka naɗa Imam editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta shekara 12. Ajinsa da da bai wuce yara 'yan kaɗan ba, yanzu ya zama Arewa baki ɗaya, domin kwafi guda mutum ɗaya ke karanta shi da ƙarfi a gindin bishiya, jama'a na saurare. A cikin wannan shekara Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ya zama shi ne mai bayyana wa manomi da ɗan kasuwa abin da ke faruwa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba, da Hausar da za su gane. Ya buɗe filin wasiƙu, talaka ya sami inda zai kai kukansa a rubuce.

A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe. Da ya komo bai bar abin da ya gani a cikinsa ba, sai ya mai da tafiyar littafi, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da ilmin kimiyya da Hausa. Ya shiga siyasa na ɗan lokaci a farkon shekarun 1950, ya zauna a majalisa, sa'an nan ya koma harkar littattafai da aikin hukuma. A wannan zango ne ya juya alƙalaminsa ga addini, ya rubuta Tarihin Annabi, da Sayyadina Abubakar, da Hajji Mabuɗin Ilmi. Harshen da ya sa yara dariya da shi a Magana Jari Ce, da shi ya koya musu sira. Ya rasu a Zariya a 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa daga bakinsa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

SHIN ƘAGA LABARI ƘARYA NE?

Yanzu bari mu zo kan tambayar da na san tana cin wasunmu. Ya tabbata a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi cewa an yi narkon azaba ga wanda ke shara ƙarya don ya ba mutane dariya. To, ina matsayin mai cewa aku ya yi magana har ya zama waziri?

Wannan mas'ala magabata sun riga mu tattauna ta. Tun zamanin sahabbai akwai waɗanda ake kira ƙussas, wato masu tsayawa a masallaci suna ba da ƙissoshi don tunatarwa, kuma an ruwaito cewa Tamimud Dari (R.A) ya nemi izinin Sayyadina Umar (R.A) kafin ya fara. Daga baya sana'ar ta lalace a hannun wasu, suka riƙa ƙaga hadisai da labaran annabawa marasa tushe domin su sa jama'a kuka a tara musu kuɗi. Saboda su ne Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 bayan Hijira, ya rubuta Kitabul Ƙussasi wal Muzakkirin, Imam Suyuɗi kuma, wanda ya rasu a 911, ya rubuta Tahzirul Khawas. Amma Ibnul Jauzi bai haramta ba da ƙissa ba. Abin da ya yaƙa shi ne jahilci da ƙarya a cikinta. Shi da kansa mai wa'azi ne da ke tara dubban jama'a a Bagadaza, har matafiyin nan Ibnu Jubairu ya halarci majalisinsa ya bayyana yadda mutane ke zubar da hawaye. Kuma shi ne ya tara littafi guda na labaran masu wayo, da wani na labaran wawaye da gafalallu, domin a yi dariya a ɗauki darasi.

Bambancin a fili yake. Ƙarya ita ce ka gaya wa mutum abin da bai auku ba kana son ya gaskata ya auku. Misali kuwa, mai faɗa da mai ji duk sun san ba a yi ba, abin da ake nufi shi ne hikimar da ke ciki. Da wannan hujja Hariri ya kare kansa a gabatarwar littafinsa, inda ya kwatanta aikinsa da labaran da ake sa wa a bakin dabbobi, kuma malamanmu na zaure sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da Muƙama. Ko kakanninmu mata sun san wannan ƙa'ida. In tsohuwa ta gama tatsuniya takan ce ƙurunƙus, ba don gizo ba da na yi ƙarya, wato ta sanar da yaro cewa wannan duniyar Gizo ce, kada ya ɗauke ta tarihi. Babu yaron da ya taɓa rufe Magana Jari Ce yana zaton an yi wani aku waziri.

Abin tsoro yana wani wuri dabam. Yana wurin mai hawa mumbari ya ce an ruwaito, alhali bai san inda aka ruwaito ba, ko mai tura wa jama'a ƙissar wani sahabi ta waya ba tare da ya bincika ba. Wannan shi ne magajin ƙussas ɗin da malamai suka yi kashedi a kansu, domin jingina ƙarya ga Manzon Allah (S.A.W) laifi ne da hadisi mutawatiri ya yi wa alkawarin wuta. Imam ya raba biyun. Inda ya ƙaga, kowa ya san ƙage ne. Inda ya zo kan tarihin Annabi, sai ya koma ga littattafan sira.

ABIN DA ZA A IYA KUSHEWA

Adalci bai yarda mu yi yabo kaɗai ba. Hukumar da ya yi wa aiki ta Turawan mulki ce, kuma manufarta ita ce ta kafa rubutun boko, abin da ya taimaka wajen tura ajami gefe, alhali da shi malamanmu suka yi ta rubuta waƙoƙin wa'azi tun kafin zuwan Turawa. Haka kuma a Ruwan Bagaja, aikin ƙuruciya, akwai wuraren da mai damfara ke cin riba a yi dariya a wuce, akwai kuma sha'anin aljanu da bai kamata a bar yaro da shi ba tare da bayani ba. Malamin da zai karanta wa yara irin wannan, wajibinsa ne ya tsaya ya tambaye su, wannan da ya yi daidai ne? Sai dai mu tuna Imam bai zaɓi zamaninsa ba. Ya tarar an buɗe wata ƙofa wadda ko ya shiga ko bai shiga ba yaran Musulmi za su bi ta cikinta, sai ya shiga ya cika ta da harshensu da ɗabi'unsu.

WA KE BA 'YA'YANMU LABARI?

Ya ku 'yan'uwa, yaro ba ya zama babu labari. In bai samu a gida da makaranta ba, zai samu a wani wuri. A Makka ma, malaman tafsiri sun ambata cewa Nadru ɗan Harisu yakan zauna yana ba Ƙuraishawa labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa domin ya janye su daga sauraron Alƙur'ani. Shi ya san ƙarfin labari. Alƙur'ani mai girma kuwa cike yake da ƙissoshi na gaskiya, har akwai sura mai suna Suratul Ƙasas, Suratu Yusuf kuma ƙissa guda ce daga farko har ƙarshe. Dandalin da ake tatsuniya ya watse a yawancin garuruwanmu. Littattafan soyayya sun zo a shekarun 1980, finafinan Hausa suka biyo a shekarun 1990, yanzu kuma waya ce a hannun yaro har cikin ɗakin kwanansa. Mun yi ta tsinuwa da hani, amma me muka ajiye a madadin abin da muka hana? Musa na cikin gida ya yi ɗamara, mu kuwa mun tsaya bakin ƙofa da sanda, babu mai labarin da zai zaunar da shi.

Saboda haka ina jawo hankalinmu ga abubuwa huɗu daga rayuwar wannan bawan Allah. Na farko, ya yi karatu kafin ya yi magana, karatun gida da na waje, domin rijiyar da ba ta da ido ba ta shayar da gari. Na biyu, ya san harshensa. Da yawa daga cikinmu mun iya nahawu da balaga, amma in muka juyo Hausa sai ka ji Larabci ne sanye da hula, tsohuwa ba ta gane mu, yaro ba ya gane mu. Na uku, ya san mai sauraronsa, ya san lokacin da zai sa dariya da lokacin da zai sa tunani, bai kuma cika labari da wa'azi har ya shaƙe shi ba. Na huɗu, ya tsare amana, bai gauraya ƙage da ruwaya ba.

Shawarata ga shugabannin makarantunmu ita ce a ware darasi guda a mako na ƙissa, a ba wanda ya iya, a kuma horar da wanda bai iya ba. Ɗalibanmu da suka karanta Larabci su dubi taskar da ke gabansu ta sira ingantacciya da tarihin sahabbai da hikayoyin hikima, su zauna su juya su zuwa Hausar da yaro ɗan shekara 10 zai karanta ya nemi ƙari. Masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin bugawa da naɗar murya, kuma a biya marubuci hakkinsa, domin Imam bai rubuta Magana Jari Ce a gajiye bayan ya taso daga wani aiki ba, ɗauke masa koyarwa aka yi wata 6 aka ce ya zauna ya rubuta. Iyaye kuma, uba da uwa, a samu ko minti 15 bayan sallar isha'i a ajiye waya a ba yara labari guda.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan abin da ya koyar. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa harsunanmu su zama shaida gare mu ba a kanmu ba.